Da'irar da Ta Ɓuya a Cikin Jerin Lambobi

A shekarar 1650, a birnin Bologna na ƙasar Italiya, wani malamin lissafi mai suna Pietro Mengoli ya fitar da littafi a kan tara lambobin da ba su da ƙarshe. A cikinsa ya kawo wata tambaya, ya kuma faɗa a fili cewa ta fi ƙarfinsa. Tambayar kuwa ko ɗan firamare zai gane ta. A ɗauki lambobin ƙirga, 1, 2, 3, 4, 5, a ninka kowace da kanta, a sami 1, 4, 9, 16, 25. Sai a ɗora ɗaya a bisa kowace, a tara su:

1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + 1/25 + …

Idan aka yi ta tarawa babu tsayawa, ina jimlar ta dosa?

Wanda bai saba da irin wannan lissafi ba zai ce ai abin da ake ƙara masa kullum ba shi da iyaka. Ba kullum ba. A tara ɗaya da rabi da kwata da rabin kwata, a yi ta rabawa biyu ana ƙarawa, jimlar za ta yi ta matsawa kusa da 2, amma ba za ta taɓa wuce ta ba, domin kowace sabuwar gaɓa rabin abin da ya rage kawai take cikewa. Wani jerin kuma yana da yaudara. Tun wajejen 1350 malamin Faransa Nicole Oresme ya nuna cewa 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + … ba shi da iyaka, ko da yake gaɓoɓinsa sai ƙanƙancewa suke yi. Hujjarsa ita ce 1/3 da 1/4 a haɗe sun fi rabi, huɗun da ke biye da su a haɗe sun fi rabi, takwas na gaba ma haka, kuma wanda yake samun rabi bayan rabi ba iyaka, babu lambar da ba zai wuce ba.

Mengoli gwani ne a wannan fage. Ya tara jerin 1 + 1/3 + 1/6 + 1/10 + 1/15 + … ya sami 2 cif. Shekaru kusan ashirin bayan haka, a birnin Paris, Christiaan Huygens ya gwada matashi Gottfried Leibniz da wannan jerin, Leibniz ya warware shi, har nasarar ta ƙara masa ƙaimin shiga lissafi gadan-gadan. Amma jerin 1, 1/4, 1/9 ya ƙi Mengoli, ya ƙi Leibniz. A Ingila John Wallis ya ƙididdige cewa jimlar tana wajen 1.645, bai kuwa iya cewa ko wace irin lamba ce ba.

Daga nan maganar ta isa Basel, wani birni a Suwizalan da ke bakin kogin Rhine, inda Jacob Bernoulli yake koyar da lissafi a jami'a. A 1689 ya wallafa rubutu a kan jeri marar iyaka. Ya tabbatar da cewa jimlar ba ta kai 2 ba, da hujja mai sauƙi: 1/4 bai kai 1/3 ba, 1/9 bai kai 1/6 ba, 1/16 bai kai 1/10 ba, saboda haka dole jerin ya zauna a ƙarƙashin wancan da aka san jimlarsa 2 ce. Iyakar abin da ya iya ke nan. Ya rubuta cewa duk wanda ya gano ainihin jimlar ya sanar da shi, zai gode masa ƙwarai. Daga sunan wannan birni tambayar ta samo sunan da ake kiranta da shi, Matsalar Basel. Jacob ya rasu a 1705 babu wanda ya aiko masa da amsa.

Me ya sa ba su zauna sun tara lambobin da hannu sun ga inda suka nufa ba? Sun gwada. Matsalar ita ce jerin yana da nawa. Gaɓoɓi goma na farko suna ba da 1.5498. Ɗari na farko suna ba da 1.6350. Dubu na farko suna ba da 1.6439, kuma har a nan gurbi biyu kacal bayan ɗigo ne suka zauna daidai. Mai son gurbi shida sai ya tara gaɓoɓi wajen miliyan ɗaya, da alƙalami da tawada. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, amma wannan daɗewar ta fi ƙarfin rayuwar mutum. Ko da ma an samu lambar, wani aikin ne dabam a gane asalinta. Lamba irin 1.6449 ba ta faɗin sunan mahaifinta.

Yaron ranar Asabar

Shekara biyu bayan rasuwar Jacob, ranar 15 ga Afrilu 1707, aka haifi Leonhard Euler a Basel. Mahaifinsa Paul fasto ne, kuma a zamanin ɗalibtarsa ya sha zama a darasin Jacob Bernoulli. Burinsa ɗan ya gaje shi a coci. Yaron ya shiga jami'ar Basel yana da shekara 13, a lokacin kujerar lissafi tana hannun Johann Bernoulli, ƙanen Jacob.

Johann ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Shi da wansa sun shafe shekaru suna ƙalubalantar juna a mujallu, kowa na neman kunyata ɗan'uwansa a gaban malaman Turai. Daga baya ma ya yi kishi da ɗansa na cikinsa, Daniel, a kan lambar yabo. Da Euler ya nemi ya riƙa koya masa shi kaɗai, sai ya ce ba shi da lokaci. Amma ya ba shi shawara: ya je ya karanta littattafai masu wuya da kansa, duk abin da ya cije masa ya kawo ranar Asabar da yamma. Haka yaron ya riƙa yi, yana iyakar ƙoƙarinsa ya rage tambayoyin don kada ya ɓata wa malam lokaci. Bayan shekaru ya ce bai san wata hanyar koyon lissafi da ta fi wannan ba. Johann ne kuma ya shawo kan Paul ya bar ɗansa ya bi lissafi.

Da aka ƙi ba shi aiki a jami'ar garinsu, Euler ya tafi Rasha a 1727, yana ɗan shekara 20. Sarki Peter Babba ya kafa makarantar manyan masana kimiyya a St. Petersburg, kuma Daniel Bernoulli, wanda ya riga shi zuwa, shi ya nema masa gurbi. Daniel ya koma gida a 1733, Euler ya gaji kujerarsa ta lissafi. A farkon 1734 ya auri Katharina Gsell, 'yar wani mai zane ɗan Suwizalan. A cikin waɗannan shekaru tsohuwar tambayar garinsu ba ta bar zuciyarsa ba.

Bai fara da neman amsa ba. Ya fara da neman sanin lambar sosai. A wajejen 1731 ya gano dabarar mayar da jerin mai nawa zuwa wani mai sauri, wanda kowace gaɓarsa ba ta kai rabin wadda ta gabace ta ba, da gaɓoɓi ƙasa da ashirin ya fitar da 1.644934. A Biritaniya James Stirling ma ya kai ga wannan lamba ta wata hanyar a littafinsa na 1730. Euler bai tsaya nan ba. Ya ƙirƙiro wata ƙa'ida ta kimanta jimla, wadda a yau take ɗauke da sunansa da na Colin Maclaurin na Sukotlan, ya fitar da lambar har gurbi ashirin:

1.64493406684822643647

Wanda zai sami wannan ta tarawa ɗaya bayan ɗaya, ko da gaɓa guda yake ƙarawa kowace daƙiƙa, sai ya shafe fiye da shekara tiriliyan uku. Euler ya riƙe lambar a hannu, amma har yanzu bai san ta ba.

Sawun da jeri ke bari

Mabuɗin ya fito ne daga wani nau'in jeri dabam, wanda ba lambobi tsagwaro ne a cikinsa ba, akwai harafi. Mafi sauƙinsa shi ne 1 + x + x² + x³ + …, inda x² ke nufin x sau x, x³ kuma x sau x sau x, matakin yana ta hawa. Wannan doguwar magana tana da taƙaitaccen suna, wato 1/(1 − x). A sa rabi a gurbin x, jerin ya zama ɗaya da rabi da kwata, taƙaitaccen sunan kuma ya ba da 2, kamar yadda aka gani ɗazu. Ashe jeri irin wannan sawu ne kawai. Akwai dabbar da ta taka shi, kuma gwanin maharbi yana duban sawu ya faɗi abin da ya wuce ta wurin. Babban aikin masana lissafi na ƙarni na 17 da na 18 ke nan: a ba su ƙa'ida su warware ta zuwa jeri, ko a ba su jeri su gano ƙa'idar da ta haife shi.

Jerin da Euler ya kama shi ne na sain, wanda ake rubutawa sin x. A zana da'ira wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta ɗaya ne, a ja layi a kwance ya ratsa tsakiyar. A sa ɗigo a bakin da'irar, daidai kan layin, ya fara zagayawa. Idan ya yi tafiya mai tsawon x a kan bakin, tsayinsa daga layin shi ne sin x. Yana tashi, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Idan ya ci rabin da'ira ya dawo kan layin, tsayinsa ya zama sifili. Tsawon rabin da'irar nan shi ne π, lambar da ake kira pai, 3.14159 da 'yan kai. Haka zai sake komawa sifili a 2π, da 3π, da 4π, kuma in ya zagaya da baya, a −π, −2π, har abada.

Ga jerin da ke ba da wannan tsayi:

sin x = x − x³/6 + x⁵/120 − x⁷/5040 + …

Mai karatu ya ɗan tsaya ya dubi tsarin. Matakan x mara ne zalla, 1, 3, 5, 7. Alamu suna karɓa-karɓa, a tara, a ɗebe. Lambobin ƙasa fa, 6 da 120 da 5040? Shida ita ce 1 × 2 × 3. Ɗari da ashirin ita ce 1 × 2 × 3 × 4 × 5. Ta ukun kuma ninkin lambobi ne daga 1 zuwa 7. Wanda ya gano haka ba ya bukatar a gaya masa ta gaba, ninkin 1 zuwa 9 ce, 362,880. Ana iya gwada jerin. Kusurwa mai digiri 30 tana daidai da x = 0.5236, kuma kowane ɗalibin sakandare ya haddace cewa sain ɗinta rabi ne. Gaɓoɓi biyu na farko sun ba da 0.4997, da aka ƙara ta uku aka sami 0.5000.

Wannan jeri ya girmi Euler nesa ba kusa ba. Malaman Kerala da ke kudancin Indiya sun san shi, suna jingina shi ga Madhava na Sangamagrama wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, an kuma rubuta hujjarsa a littafin Yuktibhasha na Jyeshthadeva a ƙarni na 16. Isaac Newton ya sake gano shi da kansa, ya sa shi a wani rubutunsa na 1669. Jacob da Johann da Leibniz duk sun san shi sarai. Amsar da suke nema tana cikin gaɓarsa ta biyu, a cikin lambar nan 6, babu wanda ya lura.

Tsallen da Euler ya yi

Akwai wata ƙa'ida ta aljabara da kowa ya sani a lokacin. A ce ana da jimlar aljabara mai iyaka wadda darajarta ɗaya ce idan x sifili ne, tana kuma komawa sifili a wurare biyu, x = 2 da x = 3. To ana iya rubuta ta a matsayin ninki, (1 − x/2)(1 − x/3). In aka warware ninkin za a sami 1 − (1/2 + 1/3)x + x²/6. A lura da abin da ya tsaya a gaban x: jimlar ɗaya bisa 2 da ɗaya bisa 3 ce, wato wuraren sifilin ne aka juya aka tara. Duk jimlar aljabara mai iyaka haka take, komai tsawonta.

Euler ya raba jerin sain da x, ya sami

1 − x²/6 + x⁴/120 − x⁶/5040 + …

Wannan ma darajarsa ɗaya ce idan x sifili ne, kuma an san duk wuraren da yake komawa sifili: π da −π, 2π da −2π, 3π da −3π, babu ƙarshe. Sai ya yi abin da babu wanda ya yi kafinsa. Ya ɗauki jerin da ba shi da iyaka kamar mai iyaka, ya rubuta shi a matsayin ninki. Idan aka haɗa kowane wurin sifili da takwaransa na baya, ninkin zai zama

(1 − x²/π²)(1 − x²/4π²)(1 − x²/9π²)(1 − x²/16π²) …

Ga 1, 4, 9, 16 sun fito da kansu, ba wanda ya kira su. Abu ɗaya ne aka rubuta ta hanya biyu, saboda haka abin da ke gaban x² a can dole ya zama shi ne a nan. A jerin, ɗaya bisa 6 ne. A ninkin, jimlar 1/π² + 1/4π² + 1/9π² + … ce. A ninka ɓangarorin biyu da π², magana ta ƙare:

1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + … = π²/6

Pai sau pai 9.8696 ne da 'yan kai. A raba shida, a sami 1.644934. Euler ya gwada da lambarsa mai gurbi ashirin, suka dace. Ya gabatar da sakamakon a gaban makarantar St. Petersburg ranar 5 ga Disamba 1735, yana da shekara 28, shekara 85 bayan tambayar Mengoli. An buga takardar a 1740, amma tun kafin nan labari ya bazu ta wasiƙu. A cikinta ya ce shi kansa bai zaci haka ba, ya kuma bayyana amsar da kalmomin da kowa zai gane: a ninka jimlar sau shida, za a sami murabba'in kewayen da'irar da faɗinta ɗaya ne.

Abin da ya girgiza malamai shi ne baƙuwar da ta shigo. Tambayar ta lambobin ƙirga ce, babu da'ira a cikinta ko kusa, amma ga pai zaune a tsakiyar amsa. Dalilin da ya sa aka yi shekaru ana lalube ke nan. Kowa yana neman jimla irin 2 ko wani kashi mai sauƙi, alhali asalin lambar yana wani gida dabam. Da labari ya isa Basel, Johann Bernoulli, wanda a lokacin ya doshi shekara 70, ya rubuta cewa burin wansa ya cika, ya kuma yi fatan da Jacob yana raye ya gani. Daga bakin mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana faɗa da wan nasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Amsa ta zo, hujja ta makara

Yabo bai hana tambaya ba. Johann da wasu masana da ke musayar wasiƙu da Euler sun ce da sauran magana. Wa ya ce ƙa'idar da ke aiki a kan abu mai iyaka za ta yi aiki a kan marar iyaka? Wa ya tabbatar cewa sain ba ya da wasu wuraren sifili a cikin lambobin da ba a gani a kan layi? Suna da gaskiya, kuma ana iya nuna haɗarin da misali guda. A ɗauki 2 a mataki na x. Wannan ba ya taɓa zama sifili, kuma darajarsa ɗaya ce idan x sifili ne. In aka ninka shi da jerin Euler za a sami sabon abu mai wuraren sifili iri ɗaya da na farkon, mai farawa daga ɗaya kamar na farkon, amma jerinsa dabam. Ashe sanin wuraren sifili kaɗai bai isa ya bayyana ƙa'ida ba. Hanyar Euler ta kai shi gida, amma a 1735 babu wanda zai iya faɗin dalilin da ya sa ba ta ɓatar da shi ba.

Euler ya san da wannan giɓi, bai kuma ɓoye shi ba. Abin da ya dogara da shi gwaji ne a kan gwaji. Na farko, lambarsa mai gurbi ashirin, domin ƙarya ba ta dacewa da gaskiya har gurbi ashirin bisa katari. Na biyu, ya bi wannan hanya a kan wata tambayar da aka riga aka san amsarta, sai ta fitar masa da 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 + … = π/4, jerin da Leibniz ya shahara da shi, wanda malaman Kerala ma suka riga shi sani. Na uku, ya duba abin da ke gaban x⁴ da x⁶, ya sami sababbin amsoshi: idan aka ninka kowace lamba da kanta sau huɗu, 1 + 1/16 + 1/81 + … ya zama π⁴/90, wato 1.082323, na mataki shida kuma π⁶/945. Ya ƙididdige su da hannu, duk suka dace.

Duk da haka bai huta ba. A farkon shekarun 1740, lokacin da ya koma Balin bisa gayyatar Sarki Frederick na Biyu, ya kawo wata hujjar dabam wadda ba ta bukatar ninki marar iyaka, aka buga ta da Faransanci. A babban littafinsa na 1748, wanda ya zama tushen koyar da wannan fanni a Turai, ya sake gina ninkin sain a kan ƙafa mafi ƙarfi, ya kuma jera amsoshin har mataki na 26. Cikakkiyar ƙa'idar da ta bayyana lokacin da ya halatta a rubuta irin wannan ninki sai a 1876 Karl Weierstrass na Jamus ya kawo ta, shekara 141 bayan takardar St. Petersburg.

Akwai wani tsarin kuma da ya ɓuya a cikin amsoshin kansu. A jera lambobin da ke tare da pai: 1/6, 1/90, 1/945, 1/9450, 1/93555. Mai kallo zai rantse cewa ɗaya ce za ta ci gaba da zama a sama. A mataki na 12 sai ga 691/638512875. Daga ina 691 ta faɗo? Ruwa ba ya tsami banza. A littafin Jacob Bernoulli da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa, akwai wasu lambobi da ya gano don tara matakan lambobin ƙirga cikin sauri: 1/6, −1/30, 1/42, −1/30, 5/66. Ya yi alfahari da su, har ya ce da taimakonsu ya tara mataki na goma na lambobi daga 1 zuwa 1000 cikin ƙasa da rabin kwatan awa. In aka ci gaba da ƙa'idarsa, lambar da ke biye ita ce −691/2730. Euler ya tabbatar da cewa waɗannan lambobi, da ake kira lambobin Bernoulli a yau, su ne ke tsara amsar kowane mataki na cika, 2, 4, 6, 8, har abada. Ta farkonsu, 1/6, ita ce ke ba da π²/6. Jacob ya mutu yana roƙon a kawo masa amsa, alhali rabinta yana cikin takardun da ya bari.

Abin da ya biyo baya

A 1737 Euler ya nuna cewa irin waɗannan jimloli ana iya rubuta su a matsayin ninki a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, 2, 3, 5, 7, 11. Daga nan wani abin mamakin ya fito. In aka zaɓi manyan lambobi biyu da ka, damar a ce babu wata lamba sama da ɗaya da ke raba su duka biyun ita ce 6/π², kusan 61 cikin 100. A 1859 Bernhard Riemann ya faɗaɗa jimlar nan ta Euler, ya yi wani hasashe a kan wuraren da take komawa sifili, kuma hasashen yana cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Clay ta Amurka ta sa wa kowace ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000.

Shi kuwa Euler idonsa na dama ya mutu a ƙarshen shekarun 1730. Ya koma St. Petersburg a 1766, kuma daga 1771 kusan ba ya gani sam. Bai daina aiki ba. Yana lissafi a ka, yana faɗa, 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa, har ranar da ya rasu, 18 ga Satumba 1783.

Abu ɗaya ya gagare shi. Dabararsa tana aiki a matakan cika ne kawai, domin wuraren sifilin sain bibbiyu suke zuwa, na gaba da na baya, ninkinsu kuma x² yake haifarwa. Mataki na uku, 1 + 1/8 + 1/27 + 1/64 + …, ya ƙi shiga wannan tarko. Euler ya ƙididdige shi, ya sami 1.2020569, ya yi ta komawa kansa har tsufansa, bai gano asalinsa ba. Sai a watan Yuni 1978, a wani taron masana a Marseille, wani malamin Faransa ɗan shekara 61 mai suna Roger Apéry ya tashi ya ce ya tabbatar da cewa wannan lamba ba za ta rubutu a matsayin lamba bisa lamba ba. Yawancin waɗanda ke zauren ba su yarda ba, domin bayaninsa a dunƙule yake, kuma kayan aikinsa irin waɗanda Euler kansa zai iya ɗauka ne. Henri Cohen da Hendrik Lenstra da Alfred van der Poorten suka zauna suna bin hujjar, Don Zagier ya cike matakin da ya cije, kuma a watan Agusta na shekarar aka gabatar da ita a babban taron masana lissafi na duniya a Helsinki.

Abin da Apéry ya nuna shi ne irin lambar da ba ita ba ce. A 2001 Wadim Zudilin ya tabbatar da cewa aƙalla ɗaya daga cikin jimlolin mataki na 5, 7, 9 da 11 ita ma haka take, ba tare da an iya nuna wacce ba. Masana kimiyyar ƙwayar zarra suna amfani da 1.2020569 wajen ƙididdige maganaɗisun ƙwayar lantarki, kwamfuta kuma ta fitar da gurabenta fiye da biliyan dubu. Ko tana da alaƙa da pai, ko da wata ƙa'idar da ba a riga an gano ba, har yau babu wanda ya iya tabbatarwa.